Wa ya koya wa inji tsintar shinkafa?

A gidanmu a Yelwa ba a ɗora tukunya sai an yi tsinta. Inna takan zauna bakin ƙofar ɗakinta da hantsi, ta baza shinkafa a faifai, ta karkata shi yadda hasken rana zai faɗa kan ƙwayar. Yatsu uku take aiki da su. Tsakuwa ta yi nan, baƙar ƙwaya ta yi can, wadda ba ta casu ba ta koma cikin ƙoƙo don kaji. Mudu guda yakan ci mata kusan rabin awa, tana yi tana hira da maƙwabciyarta ta kan katanga, kuma duk tasowata ban taɓa tauna tsakuwa a tuwonta ba.

Na shekara 22 ina koyar da aikin lantarki, amma sai bara waccan na ga abin da ya sa na koma kallon wannan faifai da wani ido. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a wata masana'antar casar shinkafa a jihar nan ta Kebbi ya gayyace ni in ga wurinsu. Muka wuce tukwanen turarawa, muka wuce injin busarwa, da mai cire ɓuntu, da mai fidda tsakuwa, sai ya tsaya gaban wani akwatin ƙarfe da ya fi mutum tsayi, ya ce, "Malam, bismilla. Ga mai tsintar tamu." Ma'aikatan wurin kala-sota suke ce masa. Shinkafa tana gangarowa daga sama ta wasu magudanai masu santsi, kamar ruwan indararo. Tana barin bakin magudanar sai ta ratsa tsakanin fitilu da kyamarori, na gaba da na baya. In kyamara ta hango ƙwayar da launinta bai yi ba, sai wani ɗan bututu daga cikin ɗaruruwan da ke jere ya feso iska, fis, ya ture ta zuwa wani buhu daban. Ƙarar fesawar ba ta yankewa, kamar yayyafi a kan kwano.

Na zaro biro na yi lissafi a tafin hannuna. Kilo ɗaya na shinkafa ƙwaya ce wajen 50,000. Ke nan injin da ke tace tan 5 a awa yana duba ƙwaya kusan 70,000 a kowane sakan, kuma kowace sai ya yanke mata hukunci kafin ta kai ƙasa. Ƙarfen da bututun iskar ba su dame ni ba, don na san masu walda a Yauri da in suka ga samfuri za su kwatanta. Lissafin ne ya tsaya mini a rai. Ina ake yin sa, kuma wa ya nuna wa injin abin da ake kira ƙwaya mai kyau?

Kalmar mutum-mutumi da gidajen rediyo suka saba mana da ita tana ɗan ɓatar da mai sauraro, domin abin da ke zuwa ransa wani ƙarfe ne mai kai da ƙafafu yana tafiya kamar ɗan Adam. Na masana'anta galibinsu hannu ne zalla, mai gaɓoɓi shida, an ɗaure gindinsa a ƙasa da noti. Na farkonsu, Unimate, wanda George Devol ya ƙirƙiro, ya kama aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors a Amurka, yana ɗauko ƙarfe mai zafi daga injin zubi, aikin da ya sha ƙona mutane. Makaho ne kuma kurma. An nuna masa motsi sau ɗaya, shi kuwa ya yi ta maimaitawa, akwai abin ɗauka ko babu. A 2023 irin waɗannan hannuwa sama da miliyan 4 ne ke aiki a masana'antun duniya, kuma fiye da rabin sababbin da aka kafa a shekarar a ƙasar Sin aka kafa su. A Koriya ta Kudu, duk ma'aikatan masana'anta 10,000 akwai mutum-mutumi sama da 1,000 a gefensu. Ƙarfen na yau bai bambanta da na Unimate can-can ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu an ba su ido da ji, an kuma ba su lissafin da zai sarrafa abin da suka gani.

Lissafin nan kashi biyu ne, kuma wanda bai raba su ba zai yi ta ruɗewa. Akwai na nan-take, wanda ake yi a jikin injin. Hannun da ke walda a jikin mota, kwamfutarsa tana tambayar kowace gaɓa inda ta kai, ta ƙara mata wuta ko ta rage, wajen sau 1,000 a sakan. Wani yaro ya taɓa tambayata a aji, "Malam, tunda akwai intanet, me zai hana a tura hoton can wurin manyan kwamfutoci su yi aikin su aiko da amsa?" Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin saurin haske. A cikin wayar gilashi haske yana gudun kilomita 200,000 a sakan. Daga Yauri zuwa Turai da dawowa, ta hanyar da wayoyin suke bi, ya haura kilomita 10,000, wato aƙalla kashi 1 cikin 20 na sakan, ko da babu tangarɗar komai. Ƙwayar shinkafa kuwa tana barin magudana da gudun kimanin mita 4 a sakan. A wannan ɗan lokaci ta yi tafiyar taƙi guda, alhali tsakanin inda kyamara ta gan ta da bakin bututun iska faɗin 'yan yatsu ne. Kafin amsa ta iso, baƙar ƙwayar ta shige buhu. Saboda haka dole mai yanke hukunci ya zauna nan kusa, cikin wani allon lantarki da bai wuce littafi girma ba.

Kashi na biyu shi ne lissafin koyo da na gwaji, kuma a nan manyan kwamfutoci suke shigowa. Ana ce musu sufa-kwamfuta. Ni a aji kwamfutar gayya nake ce musu, don ban ga abin da suka yi kama da shi kamar gayyar noma ba. Mutane suna zaton wata ƙatuwar ƙwaƙwalwa ce guda ɗaya. Dubban ƙwaƙwale ne, kowace ba ta fi ta wata kwamfuta mai kyau ba, an jera su cikin kabad-kabad a zaure mai sanyi, an haɗa su da wayoyi masu tsananin sauri. Sai a ɗauki aiki ɗaya a yanka shi kunya-kunya, kowa ya kama tasa. Duk wanda ya taɓa kiran gayya ya san wahalar ba ta taro mutane ba ce. Sai an samu makaɗin da zai riƙe su a taki ɗaya, kuma mai wannan kunya sai ya san inda na kusa da shi ya tsaya, in ba haka ba a bar ciyawa a tsakani. Rabin gwanintar injiniyoyin wannan fanni ita ce rage lokacin da ƙwaƙwalen ke ɓatawa wajen jiran juna. Akwai kuma iyakar da wani masani, Gene Amdahl, ya bayyana tun 1967, wadda mutanen gungu sun san ta a aikace: in gonar tana tsibiri, kuma kwale-kwale ɗaya ne ke tsallakar da mutane, to ƙara 'yan gayya ba ya ƙara sauri. Kowane aiki yana da ɓangaren da ba ya rabuwa, shi ne kuma yake riƙe sauran.

A 2022 wata mai suna Frontier, a jihar Tenesi ta Amurka, ta zama ta farko da aka tabbatar ta haura lissafi biliyan sau biliyan a sakan. Da mutanen duniya duka, su biliyan 8, za su zauna kowa yana lissafi ɗaya a sakan, ba barci ba cin abinci, sai sun haura shekara 4 kafin su gama abin da take yi a sakan guda. Ɗan ƙasar nan ma yana da sawu a wannan hanya. A 1989 Philip Emeagwali ya samu kyautar Gordon Bell bayan ya raba lissafin yadda ɗanyen mai ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa ga ƙananan ƙwaƙwale 65,536.

To mene ne haɗin wannan da shinkafa? Tsofaffin injunan tsinta launi kawai suke aunawa: wadda ta fi kaza duhu, a fesa ta. Sababbin suna duba siffa, da tabo, da tsaga, kuma koya musu ake yi. Ana tara hotuna dubbai a kan dubbai, mutum ya yi wa kowane alama, wannan mai kyau ce, wannan ta ruɓe. Kwamfuta ta yi hasashe, a nuna mata kurenta, ta ɗan gyara miliyoyin lambobin da ke cikinta, ta sake. Haka za a yi ta yi har kuren ya ragu. Aiki ne mai cin lissafi ƙwarai, kuma abin da ya sauƙaƙa shi wasan yara ne: guntayen lantarkin da ake kira GPU, waɗanda kamfanoni irin su Nvidia suka ƙera don zana hotunan wasannin kwamfuta, su kansu ƙananan gayya ne, masu dubban hannuwa. A 2012 wasu masu bincike a jami'ar Toronto ta Kanada suka yi amfani da guda biyu kacal suka lashe wata gasar gane hotuna da rata mai yawa, daga nan kowa ya bi. In an gama koyon, abin da aka samu yakan ƙanƙance har ya shiga ɗan allon nan na jikin inji. Kamar mahaddaci ne. Shekaru ya yi gaban malaminsa yana wanke allo, amma ranar musabaƙa ana ja masa aya nan take yake ɗorawa.

Wani amfanin da ya fi burge ni shi ne gwaji kafin a taɓa ƙarfe. A 2021 masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka zana mutum-mutumi mai ƙafa huɗu a cikin kwamfuta, suka yi masa kwafi 4,096, suka sake su gaba ɗaya a kan tudu da gangare da matakala na zane. Suna faɗuwa, suna tashi, darasin kowane yana zama na kowa. Cikin minti 20 suka iya tafiya a wuri mai gargada, aka kwashe abin da suka koya aka zuba wa na ƙarfen, ya taka. Kamfanin motoci na BMW ya yi irin wannan da masana'anta sukutum. A 2023 ya fara sarrafa sabuwar masana'antarsa ta Debrecen, a ƙasar Hungari, a cikin kwamfuta, wajen shekara biyu kafin mota ta gaske ta fito daga cikinta. Tagwaye ke nan, kuma ta cikin kwamfutar ce Hassana, tunda ita ta riga zuwa. In hannuwa biyu za su yi karo, ko wata hanya ta yi wa ma'aikaci ƙunci, a jikin Hassana ake gani a gyara, kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya.

Mai karatu zai ce wannan duk labarin nesa ne. Bai kai nisan da ake zato ba. A Gafara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kamfanin GBfoods na ƙasar Sifen, masu tumatirin Gino, yana da gona da masana'antar markaɗa tumatir. A 2020 ya ba da sanarwar kammala ta a kan naira biliyan 20, kuma cikin kayan da ya lissafa akwai ban-ruwa na ɗigo, da rumfunan renon dashe, da mutum-mutumin shuka iri. A 2024 ministan noma Abubakar Kyari ya ƙaddamar da ita a madadin shugaban ƙasa, aka ce tana iya cin tan 620 na tumatir a rana. In kwando ɗaya kilo 50 ne, kwando 12,400 ke nan daga safiya zuwa wata safiya. Irin waɗannan injunan shuka, yadda akasari suke aiki, faranti ne mai ramuka yake tafiya a kan bel, wasu 'yan bakuna su tsotso ƙwayar iri ɗai-ɗai da iska su ajiye a kowane rami. Lissafinsu ba mai nauyi ba ne, jikokin Unimate ne. Amma suna nuna dalilin da ya sa masana'anta take komawa ga inji. Bakin da ke cin tan 620 a rana ba ya jiran kowa, yana son dashe ya tashi rana ɗaya, ya nuna a jere, mota ta iso a kan lokaci. Masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta jihar Kano, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir, har da shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Inji komai basirarsa ba ya markaɗa abin da bai zo ba.

Akwai kuma ayyukan da har yau suke gagarar ƙarfe, kuma abin mamaki su ne waɗanda muka raina. Je bakin ruwa a Yauri ko kasuwar Wara ka kalli mace tana gyaran kifi. Tarwaɗa mai santsi, kurungu mai ƙaya, karfasa, kowane da girmansa, tana kama shi ba ta ko duba, ta san inda za ta sa wuƙa. Wani masani, Hans Moravec, ya lura tun shekarun 1980 cewa abin da ke yi wa mutum wuya, kamar dogon lissafi, shi ne mai sauƙi ga kwamfuta, abin da yaro ƙarami ke yi da hannunsa ba tare da tunani ba kuwa shi ne mai wuyarta. Ƙofar mota ta dubu daidai take da ta farko. Kifi biyu ba su taɓa zama ɗaya ba. Wannan giɓi ne ake ƙona wutar manyan kwamfutoci a yau don cikewa.

Wutar kuwa ba kaɗan ba ce, kuma a nan zancen ya zo bakin ƙofarmu. Frontier tana shan megawat 21. El Capitan, wadda ta karɓe mata kambu a 2024, tana shan kusan 30. Madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, injuna 8 aka kafa mata masu jimillar megawat 760, ƙaramin cikinsu mai 80. Wato El Capitan ita kaɗai tana lashe fiye da sulusin abin da ƙaramin injin Kainji zai bayar in yana cikin ƙoshin lafiya, ban da ruwan da ake zagayawa da shi don sanyaya ta. Kakana na wajen uwa yana cikin mutum wajen 44,000 da aka tasa daga garuruwansu da gungunansu don ruwan ya kwanta. Ya rasu yana nuna mana saitin inda gonar albasarsa take a ƙarƙashin tafki. Abu biyun da wannan sabuwar sana'a ta fi ƙishirwarsu, wuta da ruwa, daga ƙasar kakanninmu suke fitowa, kuma ina ganin hakkinmu ne mu tambayi rabon 'ya'yan Yauri da Ngaski da Shanga a cikinta.

Ban ce a kafa mana El Capitan ba. Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da tata, Lengau, a 2016, Maroko ta bi da Toubkal a 2021, kuma kowace ba ta kai kashi 1 cikin 100 na ƙarfin Frontier ba, amma ɗalibai da masu bincike suna cin moriyarsu. Koya wa inji bambance shinkafarmu ko tumatirinmu ma bai buƙaci ko irin waɗannan ba. Kabad ɗaya mai GPU kaɗan, a jami'ar Aliero ko ta tarayya da ke Birnin Kebbi, da wutar da ba ta rawa, zai yi. Abuja tana da cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi tun 2020, amma shinkafar a fadamunmu take. Abin da ya fi kwamfutar wuyar samu shi ne hotunan amfanin gonarmu, da alamar waɗanda suka san shi. Injin da ya yi karatunsa a kan farar shinkafar Asiya, in aka zuba masa turararriyar shinkafarmu mai ruwan zuma, sai an zauna an daidaita shi, in ba haka ba ya zubar da mai kyau ko ya bar marar kyau.

Sai kuma masu gyara. Wata uku bayan ziyarata, ɗalibin nan nawa ya kira ni da dare, muryarsa a sanyaye. An kawo wuta da ƙarfi, allon kala-sota ya ƙone. Ya san inda cutar take, ya auna ya gani, amma babu allon a ƙasar nan, kuma ba a ba su takardar zanen cikinsa ba. Mako biyar suka yi suna jira. A tsakanin nan shinkafarsu ta faɗi a kasuwa, har suka ɗauko mata daga unguwa suna tsinta a tire don wasu 'yan buhuna na manyan abokan ciniki. Wannan ya dame ni ta fuska biyu. Na ga yadda inji na miliyoyin naira yake zama kangon ƙarfe saboda abin da bai fi tafin hannu ba. Na kuma ga matan, waɗanda wannan aiki nasu ne tun kaka da kakanni, sun zama abin nema sai ranar da inji ya kwanta. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, aka buɗe babbar masana'antar WACOT a Argungu a 2017, shanshera da yawa ta daina bi ta hannun mata masu turarawa a gida, ta koma bin tirela. Shinkafa marar tsakuwa alheri ce, ita ce ta sa ta gida ta iya tsayawa kusa da ta waje a kasuwa. Amma kuɗin cefanen da ke fita daga hannun waɗannan mata gaskiya ne shi ma, kuma ban yarda a yi lissafin riba a tsallake shi ba. Tun daga lokacin na ƙara wa ɗalibaina darasin kare inji daga haukan wuta da karanta allon lantarki, kuma na dage sai an sa 'yan mata a ajin.

Da injin ya tashi, ɗalibin ya aiko mini da tiya biyu, ya ce a kai wa Inna. Na kai mata na ce, "Inna, wannan ba ta son tsinta, inji ya riga ya tsince." Ta ce, "To, madalla. Miƙo mini faifai." Idonta ya rage ƙarfi yanzu, sai ta matsa bakin ƙofa sosai. Ta daɗe tana bi. Ba ta samu tsakuwa ko ɗaya ba, ta kuma faɗi hakan da bakinta, ta sa wa yaron albarka. Amma a gefen faifan ta ware wasu 'yan ƙwayoyi, ba su kai cikin cokali ba. Ni dai ban ga aibinsu ba sai da ta ɗaga ɗaya a rana, na hango ɗan fari a tsakiyarta kamar alli. "Wannan turarar ba ta ratsa ta ba," in ji ta. "Ita ke fara caɓewa a tukunya."

Na kira ɗalibin na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, injin yana da wurin da ake nuna masa samfuri. Don Allah kada a zubar da su, a ce wa Inna ta ƙara tara mana." Ranar Asabar na shiga motar Koko zuwa wurinsa da kwalin ashana a aljihun gaba, cike da tsintar Inna ta kwana huɗu.